Ka duba lokacin wasan da wurin zamanku kafin ka ɗauki iyali

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka tun daren jiya, na fara rubutu na goge har sau biyu, don wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce furofesanka ya ba ka tikiti huɗu na wasan ƙwallon Amurka, wato futbol, na jami'arku ran Asabar, kana son ka kai madam da yara biyu, amma an ce maka wurin mashaya ne ana ta ɗura ashar, kana tsoron abin da za a yi wa hijabinta, kuma kana jin nauyin ka ce wa mutumin ba za ka je ba. To ɗan'uwa ni an riga an yi min, zauna ka ji.

Kafin komai ka ɗauko tikitin nan ka duba ƙarfe nawa za a take wasan, wane ɓangare aka ba ku, kuma da wa za a buga. Ni ban san ana duba waɗannan ba, na ɗauka kallon ƙwallo kallon ƙwallo ne, shi ya sa na ja wa iyalina wulaƙanci.

A lokacin shekarata ta biyu ce a nan Amurka, babban yarona yana da shekara bakwai. Kun dai san yadda ake yi, duk Juma'a yaran ajinsu sai su zo makaranta da rigar kulob ɗin jami'a, ran Litinin kuma hirar wasa ake yi, shi kaɗai ne bai taɓa shiga filin ba. Yaro ya ishe ni da magiya. Sai wani ɗan lab ɗinmu, wanda a lokacin nake ɗauka aboki ne don har tuwo da miyar kuka ya sha a gidana, ya ce yana da tikiti uku zai sayar min da sauƙi. Mutumin nan ya san matata, ya san yarona, ya san ba ma shan giya, shekararsa shida yana shiga filin nan, amma bai buɗe baki ya ce min kujerun suna manne da ɓangaren ɗalibai ba, bai ce min wasan dare ne da manyan abokan hamayyarsu ba, ya dai karɓe kuɗinsa ya ce za mu ji daɗi. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Ranar madam ta sa jan hijabi. Kawai don shi ne mai kauri kuma ana sanyi, watan Nuwamba ne. Ashe ja ita ce kalar ɗaya ƙungiyar. Mun yi fakin can nesa don wurin da ke kusa da fili kuɗinsa ya fi na tikitin, muka taka kusan minti 40 ta tsakiyar masu telget, wato mutanen da suka kakkafa rumfuna a bayan motocinsu tun safe suna gashin nama suna sha, ƙaurin naman alade da warin giya ko ta ina, wasu na wani wasan jefa 'yar ƙwallo cikin jajayen kofuna duk wanda ya faɗi ya kwankwaɗa. Duk rumfar da muka wuce sai a yi mana ihu ana buuu. Madam ta matso ta riƙe min riga ta ce Baban yara mu koma, ni kuma na dake don kar yaro ya ga na tsorata. Daga baya ne na gane wannan ihun ba na hijabi ba ne, na kalar ne, ko wata baturiya ce ta sa ja haka za su yi mata, wasu ma suna yi suna dariya suna miƙo mana abinci. Wannan dai na yi musu adalci. Abin da ya biyo baya ne ba na kala ba.

Muna shiga na ga ba kujeru ba ne, dogayen bencinan ƙarfe ne masu lamba, kuma a ɓangaren nan ba mai zama a lambarsa, ba ma mai zama kwata-kwata, kowa a tsaye yake a kan benci daga farko har ƙarshe. Yarona ba ya ganin komai sai bayan mutane, dole na saɓa shi a wuya. Sai dubban ɗalibai suka haɗa baki suna rera wata ashar, ɓangare ɗaya ya faɗa ɗayan ya amsa, kamar 'yan amshin makaɗi, yaro ya sunkuyo ya ce Baba me suke cewa. Na ce waƙar makaranta ce. Allah Ya yafe min.

Mutumin da ya yi mana abin ba ɗalibi ba ne ma, wannan shi ya fi ƙona min rai. Babba ne, zai kai shekara hamsin, ƙaton tumbi, ya shafe rabin fuskarsa da fenti, yana bayanmu daidai, kuma da ɗansa matashi a gefensa. Wasan kashi huɗu ne, kowane kashi ana ce masa kwata, to tun kwata ta farko ya yi tatul, in ya yi ihu sai yawunsa ya sauka a ƙeyata. Na yi shiru. Ya dafa kafaɗata yana tsalle, na yi shiru. Ana cikin kwata ta uku namu suka ci, fili ya ɗauka, sai rafali ya jefa ɗan ƙyallen nan ruwan ɗorawa aka soke cin. Kafin in ankara mutumin nan ya wurga kofinsa cike da giya, wai fili zai jefa, ai kuwa duk ta juye a kan madam, daga ka har gadon baya. Ta yi salati da ƙarfi. Na sauke yaro na juya, wallahi cikin ladabi na yi magana, na ce malam ka jiƙa matata. Na ɗauka zai ce yi haƙuri a wuce wurin. Sai ya kalle ta sama da ƙasa ya ce ta je ta zauna da mutanenta mana, ya nuna ɓangaren baƙi, sannan ya ƙara kallon ta ya yi wata dariya ya ce au, ko ma ku koma inda kuka fito gaba ɗaya. Ya miƙa hannu ya kama gefen hijabin da yatsu biyu ya ɗaga kamar wani tsumma, yana nuna wa na kusa da shi.

Malam ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kunnena ya toshe, ihun dubban mutanen nan duk na daina ji, hannuna na rawa, na dunƙule shi. Ni ba matsoraci ba ne, waɗanda suka san ni a gida sun sani. Amma a cikin daƙiƙar nan abin da ya faɗo min shi ne bizata, F-1 ce ta ɗalibai, nata da na yaron F-2 ta iyalin ɗalibi duk a jikin tawa suke rataye, in na kai masa naushi ɗaya ɗan sanda ya zo, ni baƙar fata ne mai gemu shi kuma ɗan gari, wa za a saka wa ankwa? Shekara biyu na wahala, kuɗin da aka kashe, mahaifiyata da ke gaya wa maƙwabta ɗanta na karatu a Amurka. Sai na buge hannunsa kawai daga hijabin na tsaya ina huci kamar sakarai. Madam na cewa don girman Allah mu tafi, don girman Allah mu tafi, yaro ya fashe da kuka. Mutane wajen ashirin sun gani, kowa ya mai da idonsa fili kamar ba a yi komai ba. Ɗan mutumin ne ma na ga ya sunkuyar da kai.

Na je wurin mai rigar nan mai ƙyalli da ke tsaye a bakin matakala na faɗa masa, ya ce shi bai gani ba, kuma shi aikinsa nuna wa mutane wurin zama ne. Ko motsawa bai yi ba. Wata tsohuwa ce, farin gashi fat, ta biyo mu da ɗan bargonta mai tambarin jami'a ta yafa wa madam, tana ta ba mu haƙuri kamar ita ta yi, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce shekara talatin tana zuwa filin nan kuma ta ji kunya yau. Ita ta nuna min ashe akwai lambar da ake tura saƙon tes in wani na damun ka, tana ma fitowa a babban allo lokaci-lokaci, ni ban lura ba. Ta tura da wayarta. Ko sun zo ko ba su zo ba ban tsaya gani ba.

Madam ta shiga banɗaki ta wanke hijabin a wurin wanke hannu don ba za ta iya yawo da najasa a ka ba, ta matse ta mayar da shi a jiƙe, a cikin sanyin nan muka sake taka minti 40 zuwa mota, haƙoranta na haɗuwa. Ba wanda ya ce uffan. Sai da muka hau titi yaron ya ce daga baya, Baba me ya sa ba ka dake shi ba. Wallahi wannan tambayar ta fi giyar ciwo. Na rasa amsa, na kunna rediyo na kashe. Ya kai wata guda in na kwanta sai in ga fuskar mutumin da fentinsa, ina ta shirya maganganun da ya kamata in faɗa masa, kun san irin wannan. Ran Litinin na gaya wa wanda ya sayar min da tikitin, ya yi 'yar dariya ya ce ai haka futbol yake, wai da mun sa kalar gida. Ko sannu bai ce in kai wa madam ba. Daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwa, har ya gama ya tafi.

To kar ka ce mu kaɗai ake wa, mutanen nan junansu ma ba su bari ba. A Oktoban 2021 da jami'ar Tenesi ta buga da jami'ar Ole Miss, magoya bayan Tenesi sun yi ta ruwan robobi a fili har da robar mastad, aka jefi kocin baƙi Lane Kiffin da ƙwallon golf, wasa ya tsaya kusan minti 20, hukumar gasarsu ta SEC ta ci tarar jami'ar dala 250,000 ta kuma ce a bi hotunan bidiyo a zaƙulo waɗanda suka yi jifan a hana su shiga. A 2024 aka maimaita a Teksas da suka buga da Jojiya, sai da kocinsu Steve Sarkisian ya taka da ƙafarsa har gaban ɓangaren ɗalibai yana roƙon su daina jifa, ita ma tarar 250,000 ɗin ce. Kai akwai wani mai goyon bayan Alabama, Harvey Updyke, tsohon ɗan sanda ne fa, da Auburn ta cinye su a 2010 ya je ya zuba wa tsofaffin bishiyoyin da 'yan Auburn ke taruwa a gindinsu in sun ci wasa guba, sannan ya kira gidan rediyo da kansa yana alfahari, bishiyoyin suka mutu aka sare su a 2013, shi kuma ya sha ɗauri. A kan ƙwallon yara 'yan shekara ashirin. Don haka wanda ya iya kashe bishiya saboda ƙwallo, hijabin matarka ba zai ba shi kunya ba in ya yi mankas.

Ni ba ina cewa mun fi su ba ne fa. Na sha shiga filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, na ga yadda ake ruwan fiya wata da duwatsu in rafali ya yi abin da ba a so, kuma mu ko giyar ba mu sha ba. Bambancin kawai a gida ba wanda zai ɗauki matarsa da yara ya kai su fili, a nan kuma sai a nuna maka abin na iyali ne, ga mutum-mutumin kulob na rawa ga 'yan badujala, sai ka saki jiki.

Mutane na ɗora laifin a kan sayar da giya cikin fili, tun da SEC ta ɗage haramcin a 2019 jami'o'i da yawa suka bi, har Mishigan ta fara a 2024. Ni a ganina ba nan matsalar take ba, giyar ciki tsada gare ta ga layi, kuma yawanci ana daina sayarwa kafin kwata ta huɗu. Ta waje ce ke yin ɓarna. Wasan da za a take ƙarfe bakwai da rabi na dare, mutum tun tara na safe yake sha a wurin fakin, awa goma kenan kafin ya shigo. Wasan ƙarfe sha biyun rana kuwa ko ya so bai samu lokacin buguwa sosai ba, rabin ɗaliban ma ba su tashi daga barci ba. Shi ya sa na ce maka ka duba lokaci. Wani zubin ma za ka ga ba a sa lokaci a tikitin ba, don gidajen talabijin ne ke yankewa, sai saura kwana 12 ko ma 6 su faɗa.

In tikitin furofesan naka na kakar wasa ne gaba ɗaya, irin na ma'aikata da tsofaffin ɗalibai, to da alama ka dace, don can tsofaffi ne ke zama da jikokinsu, wasu shekara da shekaru benci ɗaya suke, sun san juna, ba sa yarda da iskanci don in an kai ƙararsu za a iya ƙwace tikitin. Ka tambaye shi kai tsaye, ba abin kunya ba ne, ka ce kana da yara ƙanana kuma matarka na sa hijabi, yaya wurin yake. Su ba sa jin haushin irin wannan tambayar, mu ne muke da kara da yawa har ta cuce mu. In ma ka fasa, ka mayar masa da wuri ya ba wani, kar ka riƙe tikitin mutum ka ƙi zuwa, wannan shi zai fi ɓata masa rai.

Ka saya wa madam hijabi kalar jami'arku, ba wasa nake ba, yaran ma a sa musu riga ko hula. Ba wai zai hana ɗan iska iskancinsa ba, amma in ta sa kalar gida sauran mutane suna ganin tasu ce, in an taɓa ta za su yi magana. Kuma ka tambaye ta ita kanta ko tana son zuwa, ni ban tambayi tawa ba, na yanke ne kawai don yaro, har yau in muka yi 'yar rigima sai ta tuno min.

Jaka kar ta ɗauki babba, mafi yawan filayen sai jakar leda mai nuna abin da ke ciki, za a mayar da ku daga ƙofa. Ku ci abinci a gida ku ƙoshi, na ciki ba ka san me ke cikin naman ba, sai dai gugguru da gyaɗa. Maganar salla kuma ka lissafa, wasan minti 60 ne a agogo amma sai ya ci awa uku da rabi, kuma a namu filin in ka fita ba dawowa, ba kuma ɗakin salla, ni a wani lungu bayan matakala nake shimfiɗa jaket in yi azahar lokacin hutun rabin lokaci, ba wanda ya taɓa hana ni. Ku yi alwala tun a gida don banɗakin wurin Allah Ya kiyaye. Ƙaramin naka shekara nawa ma ka ce? In bai kai biyar ba ka nemo masa abin toshe kunne, ƙarar wurin ba ta yaro ba ce, wasu filayen har igwa suke bugawa in an ci. Filin Mishigan kaɗai mutum 107,601 yake ɗauka, ka ƙiyasta.

Kana zama ka ajiye lambar tes ɗin a waya, ka haddace ɓangare da layi da lambar benci. In wani ya fara, kar ka amsa masa, kar ka taɓa shi, ni ko buge hannun da na yi daga baya wani lauya a masallacinmu ya ce min na yi ganganci. Madam ta ɗauki bidiyo, kai ka tura saƙo, ku nemi ɗan sanda na gaske mai kaki ba mai nuna kujera ba. Kuma ran Litinin ka rubuta wa ofishin wasanni na jami'ar, ni ban yi ba don baƙin ciki, kuma ina nadama, da lambar bencinsa za su iya gano shi.

Ana shiga kwata ta huɗu ku tashi, ko da wasan ya yi daɗi. In ƙaramar ƙungiya ta cinye babba mutane fili suke afkawa, da Tenesi ta ci Alabama 52 da 49 a 2022 har ƙarafan gola suka tumɓuke suka kai kogi suka jefa. A talabijin abin dariya ne, amma a 1993 a Wiskonsin irin wannan turmutsitsin ya danne ɗalibai a jikin shinge mutum kusan 70 suka ji rauni. A 2024 ma bayan wasan Mishigan da Ohayo Sitet 'yan wasa suka kaure da faɗa kan kafa tuta a tsakiyar fili har 'yan sanda suka fesa barkono. Ba ka so kana riƙe da yara biyu a matakala a irin wannan lokacin.

Kar in cika ka da tsoro, akwai na kirki wallahi. Wani ɗan'uwa a Ayowa ya taɓa kai ni filinsu na Kinnick, ana gama kwata ta farko duk filin, har 'yan wasa da rafali, kowa ya juya yana ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin yara hannu, asibitin na kallon filin ta sama, tun 2017 suke haka, na ga ƙato da gemu yana share hawaye, nima dai ban tsira ba. A Nebraska kuma an san su da tafa wa baƙi in za su fita daga fili ko da baƙin ne suka ci.

Ni sai bayan shekara biyu na koma, shi ma don yaron ne, ban so abin da zai riƙa tunawa da filin ya zama daren nan. Na zaɓi wasan rana a Satumba da wata ƙaramar jami'a, irin waɗanda ake biya su zo a lallasa su, na sayi wuri can sama cikin tsofaffi, wani dattijo ya yi ta koya masa dokokin wasan har ya ba shi tabaron hangen nesa ya riƙe. Yanzu duk shekara mukan je sau ɗaya ko biyu ni da shi. Madam dai har yau ba ta sake taka wurin ba, ko hanyar ba ta so mu bi ranar wasa. Bargon tsohuwar nan yana nan a gidanmu don ba mu san inda za mu mayar mata ba, jan hijabin kuma ta wanke shi sau uku ƙarshe ta jefa a shara. Ka turo min hoton tikitin ta inbos in duba maka ɓangaren a taswirar filin, ka rufe lambobin sikanin kafin ka turo.